Feɗe kalmar Turanci: saiwa, ɗafi da ƙwayar ma'ana

Duk wanda ya taɓa bin bayan tankar mai a kan babbar hanya ya ga rubutun nan da jan fenti: *highly inflammable*. Ɗalibin da aka koya wa cewa *in-* a goshin kalmar Turanci korewa yake yi, kamar yadda *correct* ke komawa *incorrect*, zai iya karanta wannan gargaɗi a juye, ya ɗauka abin da ke cikin tankar ba ya kamawa da wuta. Alhali ma'anar ita ce yana kamawa nan take. *In-* ɗin da ke nan wani ne daban, shi ne na cikin aikatau *inflame*, wato cinna wuta, sai aka liƙa masa *-able* a ƙeya. An sa wuƙa a inda bai dace ba, ma'ana ta kife.

Abin da ya sa ke nan nake ganin ilimin ginin kalma ya cancanci lokaci fiye da wanda ake ba shi a azuzuwan Turanci. Ana cika wa yara kai da haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar gero a cikin rairayi, alhali yawancin dogayen kalmomin Turanci haɗe-haɗe ne na waɗansu 'yan guntaye da ke ta maimaituwa. Wanda ya san guntayen aikinsa irin na mahauci ne. Ba ya sara a tsakiyar ƙashi, mahaɗa wuƙarsa take nema.

Guntun da ake magana a kai shi malaman harshe ke kira ƙwayar ma'ana: mafi ƙanƙantar yanki na kalma da ke ɗauke da ma'ana ko wani aiki na nahawu, wanda in ka ƙara raba shi ba abin da zai rage sai sauti kawai. Turanci na kiransa *morpheme*, sunan da masanin harshe ɗan ƙasar Poland, Baudouin de Courtenay, ya ƙirƙiro wajen 1880 daga kalmar Girkanci mai nufin siffa. Bahaushe ba ya buƙatar a kai shi nesa kafin ya gane. Ɗauki kalmar manomi. Akwai ma- mai nuna mai aikatawa, akwai nom- da muke ji a cikin noma, akwai -i mai nuna namiji tilo. Sauya ƙarshen ka sami manomiya ko manoma. Turanci na yin irin wannan aikin, sai dai shi a ƙeya yake sa alamar mai aikatawa: *farm*, *farmer*, *farmers*.

Kuskure na farko shi ne haɗa ƙwayar ma'ana da gaɓa. *Banana* gaɓa uku ce amma ƙwayar ma'ana ɗaya tak, domin *ba* da *na* ba sa nufin komai a cikinta. *Cats* gaɓa ɗaya ce amma ƙwaya biyu, kyanwa da alamar jam'i. *Sixths* ma gaɓa ɗaya ce, ƙwayoyinta uku: *six*, da *-th* mai nuna kaso ko matsayi, da *-s*. Kunne ke ƙirga gaɓa, ma'ana ke ƙirga ƙwaya.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Akwai 'yantacciya, wadda ke iya tsayawa ita kaɗai a matsayin kalma, irin su *book*, *kind*, *teach*. Akwai turkakkiya, wadda dole sai an ɗaure ta a jikin wata, irin su *un-*, *-ness*, *-ed*. Zuciyar kalma, inda ainihin ma'ana take, ita ce saiwa. Abin da aka liƙa wa saiwa shi ne ɗafi: in a gaba ne ɗafa-goshi, in a baya ne ɗafa-ƙeya. Hausa na da ɗafa-ciki, kamar yadda birni ke komawa birane, gurgu ya koma guragu, amma daidaitaccen Turanci ba ya amfani da shi, don haka goshi da ƙeya kawai za ka riƙa dubawa.

Gwajin da za ka yi kafin ka yanka

Ganin haruffan da suka yi kama da ɗafi bai isa hujja ba. *Teacher* na da *-er*, *corner* ma na da *-er*, amma na farkon ne kawai ɗafi. In ka cire shi daga *corner* za ka sami *corn*, masara, wadda ba ruwanta da kusurwa. Haka *un* a cikin *uncle*, da *ing* a cikin *king*, da *ed* a cikin *hundred*, da *re* a cikin *read*. *Carpet* ba mota ba ce da dabbar gida.

Saboda haka kafin ka sa wuƙa ka tambayi kanka abu uku. Wannan guntun yana fitowa a wasu kalmomi? In yana fitowa, ma'anarsa ɗaya ce a can da nan? Abin da ya rage bayan an cire shi, yana da alaƙa da ma'anar kalmar gaba ɗaya? In ɗaya daga cikin ukun ya ƙi, bar kalmar yadda take.

Inda gwajin ke ɗan wahala shi ne kalmomin da Turanci ya aro daga Latin da Faransanci, kuma suna da yawan gaske. Bayan da William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, dubban kalmomi suka kwararo cikin Turanci, daga baya kuma masu ilimi suka riƙa ɗebo wasu kai tsaye daga Latin da Girkanci. Shi ya sa Turanci ke da saiwoyi masu yawa da ba sa tsayawa su kaɗai. Babu kalmar *ceive*, amma ga *receive*, *deceive*, *perceive*, *conceive*. Babu *mit*, amma ga *permit*, *submit*, *admit*, *transmit*. Abin da ke tabbatar da cewa saiwa ce ɗaya shi ne duk 'ya'yanta hali ɗaya gare su. Duk mai *-ceive* in zai zama suna *-ception* yake komawa: *reception*, *deception*, *perception*. Duk mai *-mit* yana komawa *-mission*: *permission*, *submission*, *admission*. Ka koyi dokar sau ɗaya, ta yi maka aiki a gida guda.

Irin waɗannan saiwoyin su suka fi biyan wahalar mai koyo. *Port* ɗauka ce: *export* fitarwa, *import* shigowa da kaya, *transport* ɗauka a ƙetarar, *portable* abin da ke ɗaukuwa. *Dict* faɗa, *spect* duba, *struct* gini, *ject* jifa, *tract* ja, *rupt* karyewa, *scrib* ko *script* rubutu. A asibiti kuwa sanin su ya wuce maganar cin jarrabawa. *-itis* kumburi ne: *hepatitis* a hanta, *gastritis* a tumbi, *meningitis* a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wato sanƙarau. *Hyper-* wuce kima, *hypo-* kasawa, don haka *hypertension* hawan jini ne, *hypotension* kuwa faɗuwarsa. Haruffa biyu ne tsakaninsu, maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayan. *Ante-* kafin, shi ya sa awon ciki yake *antenatal*. *Anti-* adawa, kamar a *antibiotic*.

Kumbura: ɗafe takwas da suka fi kayar da mutane

Ɗafi aiki biyu yake yi. Ko dai ya gyara kalma don ta dace da jimla ba tare da ta zama wata sabuwa ba, wannan shi ne kumbura, ko ya haifar da sabuwar kalma, wannan shi ne tsira.

Ɗafen kumbura a Turancin yau takwas ne kacal, dukkansu a ƙeya. Suna na da biyu: *-s* na jam'i, da *-'s* na mallaka. Aikatau na da huɗu: *-s* na mutum na uku tilo kamar a *she writes*, *-ed* na shuɗaɗɗen lokaci, *-ing* na aikin da ke gudana, da *-en* ko *-ed* da ke biyo bayan *have* ko *be*, kamar a *has written*. Sifa na da biyu: *-er* da *-est* na fifiko. In ka tuna yawan hanyoyin jam'in Hausa, gidaje, littattafai, kaji, tukwane, motoci, za ka ga wannan kaya ne mara nauyi. Duk da haka a nan jan biron malami ya fi zuba, kuma dalilan a bayyane suke.

Dalili na farko yana cikin baki. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa *bench* ya zama benci, *bread* ya zama burodi. To ga *asked*, wadda ke ƙarewa da baƙaƙe uku a furuci, s da k da t. Ga *texts* mai huɗu. Harshen da bai saba ba yakan yar da na ƙarshe, kuma na ƙarshen nan shi ne ɗafin. Abin da baki ya saba yarwa, hannu ma zai manta da shi a takarda, sai ka ga *yesterday he ask me*. Maganin da ya fi aiki shi ne a riƙa gwada furucin da kalmar da ta fara da wasali a bayansa, a jingina baƙin ƙarshe a kanta: *helped us* a furta kamar *help-tus*, *walked in* kamar *walk-tin*. Idan harshe ya saba da haka, sai a cire majinginar.

Dalili na biyu yana cikin nahawu. Hausa ba ta taɓa jikin aikatau don nuna lokaci, kalmar da ke gabansa ce ke ɗaukar nauyin: ya saya, sun saya, za su saya. Haka kuma muna cewa mota uku, shekara goma, ba tare da jam'i ba, tunda adadin ya riga ya faɗa. Turanci bai yarda da wannan rangwamen ba, dole *three cars*, *ten years*. Amma a wani wurin shi ma ba ya son a maimaita alama. A *he did not go*, kalmar *did* ta riga ta ɗauki shuɗaɗɗen lokaci, don haka *did not went* kaya biyu ne a kan jaki ɗaya. Haka *more better*: *better* ta gama fifikon. Dokar fifiko ita ce sifa mai gaɓa ɗaya, da mai gaɓa biyu da ta ƙare da *-y*, su ɗauki *-er*, kamar *taller* da *happier*, dogaye kuma su ɗauki *more*, kamar *more expensive*.

Sai kuma sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa. Muna da bayanai, shawarwari, kayayyaki, don haka hannu na saurin rubuta *informations*, *advices*, *equipments*, *furnitures*, *luggages*. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke karɓar *-s* a daidaitaccen Turanci. In ana son ƙirgawa sai a ce *two pieces of advice*, *three items of furniture*.

Ɗafi ɗaya kuma yana iya samun furuci fiye da ɗaya, gwargwadon sautin da ya gabace shi. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka furta *s* mai tsawo, sannan ka furta *z*. A na biyun za ka ji karkarwa, ita ake kira ziza. Jam'in *-s* yana fita *s* bayan sauti marar ziza, kamar a *cats* da *books*. Yana fita *z* bayan mai ziza ko wasali, kamar a *dogs* da *boys*. Yana fita *iz*, da ƙarin gaɓa, bayan sautuka irin su s, z, sh, ch, j, kamar a *buses*, *churches*, *judges*. Haka *-ed*: *t* a *walked*, *d* a *begged*, sai *id* bayan t ko d kawai, kamar a *wanted* da *needed*. Mai furta *walked* da gaɓa biyu rubutu yake bi, ba sauti ba.

A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 zanen wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ce sunanta *wug*, kalmar da babu ita a Turanci. Sannan ta nuna musu guda biyu, ta bar su su ƙarasa jimlar. Yawancinsu suka ce *wugs*, da sautin *z*. Ba su taɓa jin kalmar ba, don haka ba hadda suka yi ba, doka ce ta zauna a kansu. Abin lura shi ne sun fi yin tuntuɓe a kalmomin da ke buƙatar *iz*. Ashe har ga 'ya'yan masu harshen wannan ne ke zuwa daga baya, don haka malami ya ƙara masa lokaci.

Akwai ragowar tsohon Turanci da suka ƙi bin layi. *Foot* da *feet*, *man* da *men*, *mouse* da *mice*, wasali ne ya sauya a ciki. *Sheep* da *deer* ba sa sauyawa ko kaɗan. *Oxen* na riƙe da tsohon jam'in *-en*, *children* kuwa jam'i biyu ne a haɗe, tsohon *-r* da *-en* a kansa, don haka mai cewa *childrens* na uku ya ƙara. *Went* asalinta ba 'yar gidan *go* ba ce, daga aikatau *wend* aka ɗauko ta. Kalmomin boko kuma sun taho da jam'insu daga gida: *criterion* da *criteria*, *phenomenon* da *phenomena*, *crisis* da *crises*. Aikatau masu irin wannan taurin kai sun kai wajen 200, kuma su hadda kawai ke maganinsu.

Tsira

A nan dukiyar take. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: ɗafa-ƙeya yawanci ajin kalma yake sauyawa, ɗafa-goshi kuma ma'ana yake juyawa ya bar ajin yadda yake. Kamar dai shugaba, shugabanci, shugabanta a Hausa. *-ness*, *-ity*, *-ment*, *-tion* suna haifar da suna. *-ful*, *-less*, *-ous*, *-able*, *-ive* suna haifar da sifa. *-ise*, *-ify*, *-en* suna haifar da aikatau. Amfanin wannan a jarrabawar WAEC ko JAMB kai tsaye ne. In an bar gurbi tsakanin *the* da *of*, suna ake nema, don haka ko ba ka san ma'anar zaɓuɓɓukan ba, ƙeyarsu za ta nuna maka wanda ya dace. Ɗafa-goshin da ke karya ƙa'idar kaɗan ne, mafi shahara shi ne *en-*, mai mai da sifa ko suna aikatau: *enlarge*, *enrich*, *endanger*.

Sai dai ka riƙa duba abin da aka liƙa wa ɗafin, domin ɗafi ɗaya na iya yin aiki biyu. *-ly* a jikin sifa bayanau yake bayarwa, *quick* ta zama *quickly*. A jikin suna kuwa sifa yake bayarwa: *friendly*, *costly*, *lovely*. Shi ya sa *he greeted me friendly* ba ta zauna ba. *-al* a jikin suna sifa ne, *national*, a jikin aikatau suna ne, *arrival*, *refusal*. Akwai kuma tarkuna sanannu. *He works hard* yabo ne, *he hardly works* zargi ne na lalaci. *Cook* shi ne mai dafawa, *cooker* murhun ne. *Employer* mai ɗauka aiki, *employee* wanda aka ɗauka, domin *-ee* na nuna wanda aiki ya faɗa wa. *I am bored* na gaji da zama, *I am boring* ni ne mai gundurar mutane. *Worthless* mara daraja, *priceless* kuwa abin da darajarsa ta fi ƙarfin kuɗi, haka ma *invaluable*.

Ɗafa-goshi suna da yawa a littafi, amma masu aiki kullum kaɗan ne. A 1989 wasu masu bincike uku a Amurka, White da Sowell da Yanagihara, sun ƙirga kalmomi masu ɗafa-goshi a rubuce-rubucen da 'yan makaranta ke karantawa, suka tarar guda huɗu kawai, *un-*, *re-*, *in-* na korewa da *dis-*, sun ɗauki kashi 58 cikin 100. Malamin da lokacinsa ya ƙure ya fara da waɗannan.

*In-* na korewa yana sauya kama saboda naso, abin da Bahaushe ke yi kullum ba tare da ya lura ba, kamar yadda gidan Bala ke fita gidam Bala a baki. Gaban p, b, m yana zama *im-*: *impossible*, *imbalance*, *immature*. Gaban l yana zama *il-*, *illegal*. Gaban r yana zama *ir-*, *irregular*. Zaɓi tsakanin *un-* da *in-* kuwa ba shi da doka mai tsauri. *In-* ya fi bin kalmomin Latin, amma gida ɗaya ma yakan rabu: *unable* da *inability*, *unjust* da *injustice*, *unequal* da *inequality*. Nan ƙamus ne alƙali.

Wani abin da ba a cika koyarwa ba shi ne ɗafe ba a lokaci ɗaya suke hawa ba, bi da bi ne, kamar jeren bulo. A *unhappiness*, *un-* ya fara hawa kan *happy*, sannan *-ness* ya rufe, domin *un-* na korewa sifa yake kamawa. Akwai kuma wani *un-* na biyu da ke kama aikatau ya warware aikin, kamar a *untie* da *unlock*. Wannan ya sa *unlockable* ke da ma'ana biyu masu karo da juna. In *un-* ya hau kan *lockable*, ƙofa ce da ba ta kulluwa. In *-able* ya hau kan *unlock*, ƙofa ce da za a iya buɗewa. Ɗafen tsira kuma kullum su ke kusa da saiwa, na kumbura ya zo a ƙarshe ya rufe ƙofa: *teachers* akwai, amma ba a sa *-s* kafin *-er*.

Abin da wannan ke yi wa rubutu da furuci

Da yawa daga cikin kurakuran rubutun Turanci lissafin tarawa ne. Ɗafa-goshi ba ya cin harafin saiwa. *Dis* da *appoint* sun ba da *disappoint*, s ɗaya, p biyu. *Dis* da *satisfied* sun ba da s biyu. Haka *misspell*, *unnecessary*, *illegal*. *Real* da *-ly* sun ba da *really*. *-ful* l ɗaya gare shi, *beautiful*, sai an ƙara *-ly* ya zama biyu, *beautifully*. Wanda ya san *government* daga *govern* take ba zai yar da n ɗin ba. Haruffan da ba a furtawa ma sukan farka a bakin dangi: g na *sign* ana jin sa a *signature*, n na *condemn* a *condemnation*, b na *bomb* a *bombard*. Rubutun Turanci yakan fifita nuna dangantaka a kan bin sauti, shi ya sa *heal* da *health* suka riƙe *ea* duk da furucin ya bambanta.

A ƙeya kuwa mahaɗar na ɗan motsi. *e* marar sauti na faɗuwa gaban ɗafin da ya fara da wasali, *make* ta zama *making*, amma tana zama gaban baƙi, *hopeful*, *statement*, in ban da irin su *argument* da *truly*. Tana kuma zama bayan c da g don kada sautinsu ya taurare: *noticeable*, *courageous*. *y* bayan baƙi na komawa *i*, *carried*, *happiness*, sai dai gaban *-ing*, *carrying*. Dokar ninka baƙi ita ta fi rikita mutane. Kalma mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya tana ninka baƙin gaban ɗafin da ya fara da wasali: *stopped*, *planning*. Nan ne bambancin *hopping* da *hoping*, da dalilin da ya sa *writing* ke da t ɗaya, *written* ke da biyu. In gaɓoɓin sun fi ɗaya, sai ka saurari inda nauyin murya ya sauka. In a gaɓar ƙarshe ne a ninka: *beginning*, *occurred*, *preferred*. In ba a nan ba ne a bari: *offered*, *visited*. A *preference* nauyin ya koma farko, shi ya sa r ta dawo ɗaya. Rubutun Ingila, wanda makarantun Nijeriya da Ghana ke bi, yana ninka l ko ina nauyin yake, *travelled*, *cancelled*, na Amurka kuwa ba ya yi.

Shi kansa nauyin muryar ɗafi ke juya shi. *-tion*, *-ic* da *-ity* suna jawo shi zuwa gaɓar da ke gabansu daf: eduCAtion, ecoNOmic, aBIlity. *-ee*, *-eer*, *-ese* su da kansu suke ɗauka: trainEE, enginEER, JapanESE. *-ness*, *-ful*, *-less*, *-ly*, *-ment* ba sa taɓa shi. Ka gwada PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic, saiwa ɗaya, wuri uku. Wannan kaɗai na warware tambayoyi da dama a takardar furuci.

Harɗaɗɗun kalmomi, wato kalmomi biyu ko fiye da aka haɗa suka zama ɗaya, suna da abu ɗaya da ya kamata Bahaushe ya kiyaye: kan kalma, wato ɓangaren da ke faɗin ainihin abin da ake magana a kai, a Turanci yana dama, a Hausa yana hagu. *Racehorse* dokin sukuwa ne, *horse race* sukuwar dawaki ce. Daga ƙarshe za ka fara fassara. Jam'i ma kan yake bi: *toothbrushes*, amma *mothers-in-law* da *passers-by*, inda kan ya faɗo a farko. Nauyin murya kuma ke raba BLACKboard, allon aji, da black BOARD, kowane baƙin katako.

In kalma ta ƙetara wani harshe, mahaɗarta kan toshe. Wasalin ƙarshe na direba, lebura, fenta da tireda shi ne *-er* na Turanci, amma Hausa ta haɗiye shi ta ɗora nata, direbobi, leburori, leburanci. Silifas ta shigo da jam'inta a jiki, muna kuma kiran ƙafa ɗaya da sunan. Turanci ma ya yi wa Larabci haka: *al* na *algebra*, *alcohol* da *alkali* shi ne dai al na alƙali, alƙalami da albasa, kuma a harsunan biyu ya daina zama ɗafi.

Ga yadda aikin ke tafiya idan doguwar kalma ta tare ka a jarida, misali *decentralisation*. Fara daga waje. Babu ɗafin kumbura, don haka cire *-ation*, ka san suna ce, saura *decentralise*. Cire *de-* mai warwarewa, saura *centralise*. Cire *-ise* mai nufin mayarwa, saura *central*. Cire *-al*, saura *centre*, tsakiya. A kowane mataki abin da ya rage kalma ce ta gaske, alamar wuƙa na kan mahaɗa. Yanzu hau da baya: tsakiya, na tsakiya, tattarawa a tsakiya, warware tattarawar, sannan sunan wannan aikin, wato rarraba iko daga cibiya zuwa sassa. Mayar da ma'anar cikin jimlar ka ga ko ta zauna. In ta ƙi zama, wataƙila ka haɗu da irin su *understand*, wadda *under* da *stand* ba za su kai ka ga fahimta ba, ko *department*, wadda ta yi nisa da *depart* na tashi. Nan sai a buɗe ƙamus, kuma in an buɗe a kwashe gidan gaba ɗaya a rubuta a layi guda, aikatau da suna da sifa da bayanau, a ja layi a ƙarƙashin duk inda saiwa ta sauya kama, kamar *pronounce* da *pronunciation*, *maintain* da *maintenance*, *explain* da *explanation*.